Gaba Arba'in a Rijiyar Ma'azu

Duk arewacin Adar, daga Takanamat har inda gonaki suka ƙare makiyaya ta fara, ba a yi mai shiga rijiya kamar Mumuni ɗan Ma'azu ba, kuma ba za a sake yi ba. Rijiyoyinmu ba irin na mutanen kudu ba ne, da mace za ta sunkuya ta ɗebo da ƙwarya. Tamu gaba arba'in ce. In ka jefa tsakuwa, sai ka gama gaisawa da maƙwabcinka kafin ka ji ta taɓa ruwa. Irin wannan rijiya Mumuni yake shiga da igiya ɗaya a ƙugu, ya yashe ta tas, ya fito yana tambaya ko akwai sauran fura.

Ubansa ne ya haƙa rijiyar garinsu, shi ya sa garin ma ake ce masa Rijiyar Ma'azu. A bakinta akwai gwafa shida, itatuwan nan masu baki biyu da ake kafawa a rataya igiyar wasaki, takarkari ya ja. Kowane babban gida da gwafarsa, kuma wanda ba shi da gwafa a bakin rijiya ba shi da gari, ko da a nan aka binne cibiyarsa. Ta gabas, wadda ta fi kusa da kwamin shayar da dabbobi, ita ce ta Mumuni, gadon ubansa. Ita ce kuma ta tsone wa Alƙasum ido tun suna samari.

Alƙasum taubashinsa ne, ɗan ƙanwar Ma'azu. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, kuma ba sa haɗuwa su rabu ba su zagi juna ba. Wannan ya ce bawana, wancan ya ce bawan ubana, a yi dariya kowa ya kama hanyarsa.

Wata shekara dutse ya faɗo wa Mumuni a ƙafa a cikin wata rijiya ta Tabaram. Aka ɗauke shi a raƙumi, daga nan a kamiyo, babbar motar kaya, har asibitin mishan can kudu. Wata huɗu ya yi a can. Ya dawo da ƙafarsa, ya kuma dawo Kirista. Liman Alhusaini ya zauna da shi kwana uku suna magana, a ƙarshe ya ce zuciya a hannun Allah take, ya tashi ya bar shi. Matarsa Kadidiya ta ci gaba da sallarta, ta ce masa ya bi wanda ya ga dama, muddin shanu za su sha ruwa. Mutanen gari suka yi gunaguni suka gaji, don rijiya ba ta tambayar addinin mai yashe ta, kuma ba su da wani sai shi.

Sau ɗaya a wata yakan hau raƙuminsa ya je Tawa, ya dace da Lahadi, ranar kasuwa. Da safe ya zauna da masu bi bakwai ko takwas a zauren Malam Yunusu, wani mai bishara mutumin Maraɗi, su yi addu'a da waƙa. Da hantsi ya shiga kasuwa ya sayar da man shanu ya sayi gishiri. Bai iya karatu ba, amma takardar baftisma da Malam Yunusu ya ba shi tana cikin 'yar jakar fata a wuyansa, kamar yadda wasu suke rataya laya.

Shekara huɗu bayan Nasara sun miƙa mulki, ƙasa ta rabu biyu. Ga 'yan gwamnati, ga mutanen jam'iyyar da aka haramta, waɗanda ake ta raɗe-raɗin suna tsallako iyaka da bindigogi. Aka kafa komiti a kowane ƙauye don neman su. Wa ya zama yana tsoron ƙaninsa, mutum ya duba bayansa kafin ya yi tari. A Rijiyar Ma'azu, Alƙasum aka ba shugabancin komiti, da usur da samari shida masu kulake. Bai yi wata biyu ba ya kai rahoto cewa akwai wani a garinsu da ke ganawa da baƙi a zaure a Tawa, kuma yana ɓoye takarda a wuya.

A kasuwar shanu ta Tawa suka kama shi, rana tsaka. Da Mumuni ya ga Alƙasum a gaban samarin, sai ya ɗauka wasan da suka saba ne, har ya buɗe baki zai ce bawana. Alƙasum ya kama bakin rawaninsa ya yi ta ja, samarin suna juya shi kamar mazari, har rawanin ya ƙare a hannunsa. Suka ce ba takarda ɗaya ba ce, akwai wasu a jikinsa. Suka cire riga, suka cire wando. Da ya yi kokawa, wani ya sauke masa kulki a tsakiyar kai, fata ta tsage daga goshi zuwa ƙeya. Haka suka ja shi tsirara, mutum mai shekara arba'in da biyar, daga kasuwar shanu, ta layin masu nono, ta layin masu tabarma, har ƙofar kaso. A duk kasuwar nan, wata tsohuwar Bafillatana ce kaɗai ta kau da fuska ta jefo masa mayafinta. Alƙasum ya sa ƙafa ya shure shi gefe.

Wata biyu ya yi a kaso kafin wani akawu ya sami sukunin karanta takardar, ya ce ta coci ce kawai, a sake shi. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Ya dawo gida ya tarar an tumɓuke gwafar ubansa an jefar bayan gari. Alƙasum ya yi shela cewa wasakin Kirista yana ɓata ruwa. Liman Alhusaini ya ce shi bai taɓa ganin wannan a karatunsa ba, amma a cikin zaurensa ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Komiti ya ƙwace takarkarinsa, Gunna, wanda shi kaɗai ya iya tafiyar sauke mutum a rijiya, taku ɗaya-ɗaya ba fizga. Tun yana kaso, Kadidiya ita kaɗai ta kora shanu ashirin da uku zuwa wani tabki mai nisa, goma sha ɗaya suka mutu a hanya. Mumuni ya kwashe bukkarsa ya koma wani kwari gabas da gari, ya haƙa 'yar rijiyarsa da hannunsa. Ya sayi sabon rawani baƙi, ya yi rantsuwa biyu: ba ɗan Adam da zai sake ganin kansa, kuma ba zai mutu ba sai ya ga tsiraicin Alƙasum a gaban jama'a. Da rawanin yake barci, da shi yake wanka.

Bai daina zuwa Tawa ba. Amma akwai addu'ar da suke yi tare duk Lahadi, wadda a tsakiyarta mutum yake roƙon a yafe masa kamar yadda shi ma ya yafe wa wasu. Duk lokacin da aka zo wurin, sai tari ya kama Mumuni, ba ya sakinsa sai an wuce. Malam Yunusu ya ƙyale shi wata biyar, sannan ranar nan ya riƙe shi bayan an watse, ya tambaye shi ko a nema masa maganin tari.

Mumuni ya ce, "Malam, kai ka san ba tari ba ne. Ƙarya ce ba ni so in yi ma Allah."

Malam Yunusu ya ce ya ji daɗi da bai yi ƙaryar ba. Ya tuna masa cewa Almasihu ma an tuɓe shi a gaban taro, aka yi masa dariya, kuma a wannan hali ya roƙa wa masu yin gafara.

"Shi ba taubashinai ya tuɓe shi ba," in ji Mumuni. "Kuma shi Almasihu ne. Ni mai yasar rijiya ne."

Malam Yunusu ya ce ba zai tilasta masa ba, amma ya sani cewa mutuncin da aka keta masa a kasuwa ba Alƙasum ya ba shi ba, don haka ba a hannun Alƙasum zai karɓo shi ba. Mumuni ya ce wannan magana ce ta mutumin da bai taɓa ratsa layin masu nono ba wando ba. Ya hau raƙuminsa ya tafi.

Rijiya kuwa ba ta san komiti ba. Shekara biyu ba a yashe ta ba, rairayi ya toshe idonta. Da bazara ta tsananta, wasakin da ke fitowa cike ya koma fitowa da rabi, daga nan da laka. Shanu suka yi ta kwana a bakin kwami suna kuka. Aka ɗauko wani mai yasa daga Kalfu, ya leƙa, ya ce shi iyakarsa gaba ashirin, ya ci tuwo ya koma. Mutane suka fara faɗa a fili cewa wanda ya kori mai rijiya shi ya kamata ya ba su ruwa. Alƙasum ya ji usur ɗinsa ya daina tsorata kowa. Sai ya ce ai shi ma jinin gidan Ma'azu ne, abin da bawa ya iya ubangidansa ba zai kasa ba. Da sassafe aka sauke shi.

Duk wanda ya san rijiya ya san daga tsakiya ake yasa, ba a taɓa gindin gini. Alƙasum ya ga rairayin gefe ya fi laushi, ya shiga kwasa daga ƙarƙashin duwatsun da Ma'azu ya jera. Kafin hantsi gefen ya zabtare, ya rufe shi har hammata. Na sama suka kora takarkari don su fizgo shi, ya yi wata ƙara da ta sa suka tsaya, don igiyar tana neman raba shi biyu.

Liman Alhusaini da kansa ya hau jaki ya je kwari. Ya tarar Mumuni yana shayar da shanunsa goma sha biyu. Ya faɗa masa abin da ya faru. Mumuni ya yi masa sannu da zuwa, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da jan guga. Sai da saniya ta ƙarshe ta ɗaga kai daga ruwa, sannan ya zauna Kadidiya ta dama masa fura, ya sha a hankali, ya ba liman ma. Kadidiya ta ce ita da za a bi ta tata, sai a ƙara wa mutumin rairayi. Liman ya ce rai ne, kuma ɗan'uwansa ne, ya roƙe shi don Allah da ya halicce su duka.

Mumuni ya goge baki ya faɗi sharuɗɗansa. A nemo gwafar ubansa a kafa ta inda take, don shi ba ya sauka ta gwafar wani. A kawo masa Gunna. Kuma kowa da kowa ya fito bakin rijiya, maza da mata, har surukar Alƙasum, kada a bar ko tsohuwa a ɗaki. Liman ya ɗauka yana so ne a ga bajintarsa, ya ce an yarda. Bai san abin da Mumuni ya sani ba: rairayi yakan saki mutum, amma ba ya sakin wandonsa. Mutum uku ya taɓa cirowa daga zabtarewa, dukansu kamar yadda uwarsu ta haife su suka fito.

Ana kiran azahar suka iso. Samarin komiti, waɗanda suka juya shi kamar mazari, su ne suke danna ƙasa a gindin gwafa, ba mai iya ɗaga ido. Gunna ya rame, amma da ya ji muryar maigidansa sai ya miƙo wuya. Mumuni ya duba taron ya ga ba wanda ya rage. Ya tuɓe riga, ya ɗaura walki, ya bar rawani a kansa, ya ɗaure igiya ya sauka.

A gaba arba'in, sama takan koma kamar bakin tulu. Ya tarar da kai da kafaɗu biyu a cikin laka, idanu sun fito.

"Wa anka binne nan ba a kira ni jana'iza ba?" in ji Mumuni. "Au, shugaban komiti ne. Ina usur ɗin? Busa mana, ko rairayi ya ji tsoro."

Alƙasum ya ce da ƙyar, "Taubashi, numfashina."

"Yanzu ni taubashi ne. Ka tabbata hannuna ba ya ɓata ruwa? In shina ɓatawa in koma, a aiko maka mai tsarki."

Ya fara aiki duk da haka, don hannunsa ba ya iya ganin rijiya a lalace ya zauna. Ya tokare gefen da ya zabtare da itatuwan da aka sauko masa, ya shiga kwasar rairayi da ƙwarya yana cika wasaki, ya ja igiya sau biyu a ɗaga. Kowane wasaki da sunan da yake ba shi. Wannan na Jar Saniya ne da ta mutu a hanyar tabki. Wannan na 'yarta ne. Wannan na layin masu nono ne. Wasaki sittin da ɗaya ya aika sama, bai rasa sunan ko ɗaya ba. Alƙasum yana ji yana kuka, ya ce tsoro ne ya sa shi, an ce masa komitin da bai kawo kowa ba shi ne za a ɗauka. Mumuni ya ce tsoro ya sa shi kai rahoto, to mi ya sa shi shure mayafin tsohuwa?

Da la'asar ta yi, Mumuni ya sa hannuwa ƙarƙashin hammatar Alƙasum ya murɗa shi hagu da dama, ya zaro shi kamar rogo. Wando ya zauna a ƙasa, kamar yadda ya sani zai zauna. Alƙasum ya duba jikinsa, ya ɗaga kai ya dubi bakin rijiya inda kawuna suka yi zobe, sai ya gane.

"Su wa ke sama?"

"Kowa. Har surukarka, an kawo mata tabarma."

Alƙasum ya roƙe shi ya bar shi a nan sai duhu ya yi. Mumuni ya ce gefen ba zai kai magariba ba. Alƙasum ya ce to ya bar gefen ya rufe shi. Mumuni bai kula shi ba, ya ɗaura masa igiya a ƙirji, ya ƙulla, ya kama ɗayar igiyar da ake ja a ba na sama alama. Shekara biyu yake ganin wannan lokaci a mafarki. Ja biyu kawai ya rage.

Alƙasum ya rufe gabansa da tafuka biyu, ya sunkuyar da kai. Mumuni ya san wannan tsayuwa. Ita shi ma ya yi a kasuwar shanu kafin su ɗaure masa hannu ta baya. Ya nemi daɗin da ya yi tanadi ya rasa. Ya ga fuskar Bafillatanar nan da ta kau da kai, wadda ba ta san sunansa ba, ba ta san addininsa ba. Ya ji haushinta, ya ji haushin Malam Yunusu, har Almasihu ma ya ji haushinsa, da bai bar mutum ya ci abin da ya dafa ba. Ya ja tsaki mai ƙarfi, rijiya ta amsa.

Ya kwance rawaninsa. Ya naɗa wa Alƙasum shi a ƙugu, ya ratsa ta tsakanin ƙafafu, ya ja ya ɗaure tamau har mutumin ya yi nishi.

"Kada ka ce na yahe maka," in ji shi. "Ban yahe ba. Ido ne ba ni so ya ga abin da nawa ya gani."

Ya ja igiya sau biyu.

Da aka fito da Alƙasum, kowa a taron ya gane baƙin rawanin nan. Da aka fito da Mumuni, kansa a buɗe, mata suka fara kau da fuska. Ya hana su. Ya hau kan kwami ya sunkuyo da kai, tabon nan fari fat daga goshi zuwa ƙeya, ya juya gabas ya juya yamma, ya ce su duba da kyau, aikin komiti ne, kuma a gabansu aka tumɓuke gwafar wanda ya haƙa musu ruwa ba wanda ya yi tari. Liman Alhusaini ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, shi ma yana ciki. Alƙasum kuwa haka ya ratsa gari har gidansa, ɗaure da rawanin Kiristan da ya ce yana ɓata ruwa. Kwana uku Mumuni ya ƙara yana shiga yana fita, har idon rijiya ya buɗe.

Bayan mako guda matar Alƙasum ta kawo rawanin, an wanke an ninke. Mumuni ya mayar da ita, ya ce hannun da ya cire masa rawani a kasuwa shi ne zai mayar. Aka aiko ƙanin Alƙasum, ya mayar da shi. Aka aiko liman, ya ba shi fura ya mayar da shi. Duk kwanakin nan kansa a buɗe yake yawo cikin ranar bazara, kowa yana ganin tabon, gari ya rasa inda zai sa ido.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, lokacin da bakin rijiya ya fi cika, Alƙasum ya zo da rawanin a hannu, ba usur. Mumuni ya zauna a bakin kwami ya miƙa kai. Alƙasum ya naɗa. Mumuni ya leƙa fuskarsa a ruwa ya ce ya karkace, bawan gidansu bai taɓa iya komai ba, a sake. Ya sake. Ya ce wannan naɗin 'yan Kalfu ne, a sake. Sai a na uku ya tashi, ya kora Gunna, wasaki ya fito ta gwafar gabas cike har yana zuba.

Da Malam Yunusu ya ji labari ya ce Mumuni ya yi aikin Almasihu. Mumuni ya ce shi bai sani ba, don naɗin nan uku ya fi masa daɗi da duk abin da ya yi a ƙasan rijiya. Lahadin nan da aka zo tsakiyar addu'a, masu bi suka rage murya suna saurare. Ya yi tari, amma gajere, ya kamo rabin maganar daga ƙarshe.

Komiti ya watse, samarin nan shida duk sun riga Mumuni barin duniya, Alƙasum ma ya riga shi da shekara ashirin, kuma Mumuni ne ya haƙa masa kabari, don ya ce ba wanda zai iya daidaita gefe kamar shi. Gwafar gabas tana nan inda take. Rabin maganar nan na farko kuwa, na roƙon a yafe masa, har ƙarshen ransa wata Lahadin yakan fito, wata Lahadin tarin yakan riga shi.